Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano Kan Halin Da 'Yan Nazare Ke Ciki

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka. Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Ina roƙon a kai kwafin wannan takarda ga shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da kuma hukumar da ke ba makarantu masu zaman kansu izini, domin mafi yawan abin da zan faɗa aikinsu ne.

Ni tsohuwar malamar firamare ce da ta ajiye alli, yau kuma kaka ce mai jikoki a nazare. Da yawun jama'a biyu nake magana. Akwai iyaye mata na unguwanninmu da muke haɗuwa wajen biki da suna da Islamiyyar matan aure, hirarmu ba ta wuce kuɗin makaranta da aikin gida. Akwai kuma 'yan matan da ke koyarwa a azuzuwan nazare, waɗanda yara ke kira Anti. Su ba za su iya sa suna a takarda irin wannan ba, don gobe mai makaranta zai ce su ajiye masa aikinsa. Wanda abin ya fi shafa kuwa, yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar, ba shi da hanyar kai ƙara sai kuka a ƙofar makaranta, wannan ma an riga an yanke masa hukunci cewa shagwaɓa ce.

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024 muke jin labarin gyaran azuzuwa, sayen kujeru, ɗaukar malamai da rabon kayan makaranta. Mun yaba, ba kuma mai hankalin da zai so yaro ya yi karatu rufi na yoyo a kansa. Abin da aka bari a baya shi ne me ake yi wa yaron bayan ya shiga ajin, musamman ƙaramin. Ba sabuwar doka nake nema ba, ranka ya daɗe. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta riga ta ce a wannan mataki ta hanyar wasa za a koya wa yaro tushen lambobi da haruffa da launuka da siffofi, ta kuma ce malami ɗaya yara 25 zai riƙe. Bugun 2013 ya sa shekara guda ta share fagen firamare cikin ilimin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, hukumar tsara manhajar ilimi ta ƙasa, wato NERDC, kuma ta fitar da manhajar ƙananan yara. An rubuta, an buga, an ajiye a kabad. A makarantar da ke bayan gidanka da ta bayan gidana, wani abu daban ake yi.

Zan fara da yinin yaron kansa. Ana tada ɗan shekara uku da duku-duku, a cusa shi cikin a-daidaita-sahu tare da tarin yara, jaka a bayansa tana rinjayar sa. Daga takwas na safe har ƙarfe ɗaya ko biyu yana kan benci, hannu a kan tebur, baki a rufe sai in Anti ta ce a maimaita. Makarantu da yawa ba su da filin wasa ko kaɗan, domin gidan haya ne aka mayar makaranta, tsakar gidan ma an rufe ta da kwano an ƙara aji. Lilo ɗaya da ke bakin ƙofa na jawo hankalin iyaye ne, galibi a ɗaure yake da sarƙa. Abin da ake nema wajen yaron shi ne ya cika shafi da lambobi daga 1 zuwa 100, ya kwafe abin da ke kan allo. Ɗan shekara uku yatsunsa ba su gama ƙwari ba, maɓallin rigarsa ma gagarar sa yake yi. Ta yaya zai riƙe fensir na tsawon sa'a? Sai Anti ta kama hannunsa ta rubuta, wata ma ta rubuta da kanta da hannun hagu don ya yi kama da nasa. Aikin gida kuwa kowa ya san uwa ce ke yi ko yayarsa, bayan an sha kuka da tsawa tsakanin Magariba da Isha'i. Mai makaranta ya ga littafi a cike, uba ya ga jan biro, kowa ya gamsu.

Mu malaman aji ɗaya na firamare mu ke karɓar sakamakon. Na sha samun yaron da ya shekara uku a nazare, yana rera "A for apple" har zuwa Z ba tuntuɓe, yana zubo jihohi talatin da shida da manyan biranensu, amma in ka nuna masa harafin M shi kaɗai ka ce mene ne wannan, sai ya koma ya faro waƙar daga A. Ka zuba masa tsakuwa bakwai ka ce ya ba ka huɗu, sai ya tsaya yana kallon fuskarka. Wannan kallon shi ya fi damuna. Yaron ya riga ya koyi cewa amsa a fuskar malami take, ba a cikin abin da ke gabansa ba, kuma cire masa wannan ya fi koya masa haruffa wahala. Sau da yawa yarinyar da ba ta taɓa taka nazare ba, wadda ta taso tana 'yar carafke tana karɓo wa uwarta canji a shago, ita ke riga shi kama lissafi.

Abu na biyu, jarrabawa da matsayi. Ana zaunar da 'yan shekara uku su rubuta jarrabawa ta darussa goma ko fiye, a ƙarshen zango a ba su katin sakamako ɗauke da na ɗaya, na biyu, har na talatin. A ajin nazare ɗaya, wanda aka haifa a Janairu ya girmi wanda aka haifa a Disamba da kusan shekara, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rayuwarsu gaba ɗaya. Ranar haihuwa ake aunawa, ana kiran ta ƙwaƙwalwa. Wanda ya zo na ƙarshe zai koma gida a ce masa daƙiƙi, sunan ya bi shi. Akwai wata maƙwabciyata da mijinta ya sa wa 'yarsu mai shekara huɗu malamin lesin na yamma saboda ta zo ta goma sha tara. Yarinyar tana dawowa daga boko ta wuce Islamiyya, daga can lesin, ba a yi wata biyu ba ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari. Sannan a ƙarshen shekara a zo da bikin yaye 'yan nazare, a sa musu riga da hular digiri, a karɓi kuɗin hoto da na kek da na haya. Jihar Imo ta hana wannan biki a watan Agustan 2025, wasu jihohi suka bi sahu, ba abin da ya ragu a ilimin 'ya'yansu.

Abu na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Ka zagaya garin nan ka ƙirga allunan makarantu masu ɗauke da sunan Montessori. Sunan ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya sami fenti zai iya rubuta shi, ya kuma ƙara kuɗin zango a kansa. Amma abin da ake yi a cikin mafi yawansu shi ne ainihin abin da mai sunan ta ƙare rayuwarta tana yaƙa.

Maria Montessori likita ce 'yar ƙasar Italiya. A ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Masu gidajen haya ne suka nemi a tattara musu yaran leburori da ke yini suna ɓata bango iyayensu na wajen aiki, aka ba ta ɗaki guda da yara kusan hamsin, wadda ta fara kula da su kuma 'yar mai gadin ginin ce, ba ta da takardar malanta. Abin da likitar ta yi shi ne abin da likita ke yi: ta zauna ta lura. Ta ga cewa in aka ba ƙaramin yaro aiki na gaske daidai hannunsa, kamar zuba ruwa daga wannan kofi zuwa wancan, shara, wanke tebur, ɗaura maɓalli, jera abubuwa daga babba zuwa ƙarami, yakan nutsu a kai ya yi ta maimaitawa ba wanda ya sa shi, in ya gama kuma ya tashi cikin kwanciyar hankali. Ta sa aka yi kujeru da kantoci daidai tsayin yara. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi, yara suna bin su da yatsa suna faɗin sautinsu, sai ga 'yan shekara huɗu da biyar sun fara rubutu da kansu ba wanda ya kama musu hannu. Ta daina ba da kyauta, ta daina horo, domin ta ga aikin da kansa ya ishe su.

Tushen abin ke nan da ake kira ilimin da ya sa yaro a gaba. Yaro ba ya jiran a zo a koya masa. Tun daga haihuwa yake koyo, harshen uwarsa ma ba wanda ya zaunar da shi a benci ya koya masa. Da hannu da ido da kunne da ƙafa yake fahimtar duniya kafin ya fahimce ta da alama a kan takarda. Kowane yaro da lokacinsa. Aikin babba shi ne ya shirya wuri, ya nuna yadda ake yi sau ɗaya a natse, ya ja baya ya sa ido. A ajin Montessori na gaskiya 'yan shekara uku zuwa shida suna tare, babba na nuna wa ƙarami, kowa ya zaɓi aikinsa daga kanta, a bar su har kusan sa'a uku ba ƙararrawa, ba maki, ba matsayi. Kayan aikin da kansu ke nuna wa yaro kuskurensa: in ya sa ƙaramin gungume a ramin babba, a ƙarshe zai ga ɗaya ya rage masa ba wurin sa shi, ya koma ya gyara ba tare da kowa ya ce masa ya faɗi ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Friedrich Froebel a Jamus tun 1840 ya gina makarantarsa ta ƙananan yara a kan wasa da waƙa da shuka. A Villa Cella, kusa da garin Reggio Emilia na ƙasar Italiya, bayan yaƙin duniya na biyu a 1945, talakawan ƙauye ne suka sayar da tankar yaƙi da dawakai da manyan motocin da sojojin Jamus suka gudu suka bari, suka gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Wani malami mai suna Loris Malaguzzi ya shiga cikinsu, daga nan aka sami tsarin da ake bin tambayar yaro a mayar da ita darasi. Makarantar Waldorf ta farko a Stuttgart ta Jamus, 1919, 'ya'yan ma'aikatan kamfanin taba aka buɗe wa. Wanda ya kafa ta, Rudolf Steiner, yana da wasu aƙidu game da ruhi da ni ban yarda da su ba, ba kuma zan so a kawo mana su ba. Abin ɗauka a wajensa jinkirta karatun takarda da yawaita aikin hannu ne kawai. Na jero su ne don ka lura da abu ɗaya: kusan duka a cikin talakawa aka haife su. Sai da suka zo hannunmu suka zama kayan 'ya'yan masu kuɗi.

Za a ce da kai jinkiri ne, yaranmu za a bar su a baya. A ƙasar Finland sai yaro ya shekara bakwai yake shiga firamare. Wani mai bincike, Sebastian Suggate, ya kwatanta yaran New Zealand da suka fara koyon karatu suna shekara biyar da waɗanda suka fara suna bakwai. Zuwa shekara goma sha ɗaya babu bambanci tsakaninsu. A jihar Tennessee ta Amurka an bi yara kusan 3,000 da aka raba ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sami gurbin ajin share fage na gwamnati wasu ba su samu ba. Da farko waɗanda suka shiga sun fi iya haruffa da lambobi. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa zuwa aji shida sun koma bayan 'yan uwansu a jarrabawa, sun kuma fi su shiga matsalar ladabtarwa. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta ɗora alhakin a kan yawan zaunar da yara ana yi musu lacca da jerin gwano da ƙarancin wasa. A birnin Milwaukee na Amurka kuwa, inda nan ma ƙuri'a ta raba yara, binciken Angeline Lillard na 2006 ya samu 'yan shekara biyar na makarantar Montessori ta gwamnati sun fi takwarorinsu shirin karatu da lissafi da iya zama da juna. Darasin da na ɗauka shi ne shiga nazare shi kaɗai ba alheri ba ne. Ya danganta da abin da ake yi a ciki, mummunar nazare kuma tana iya zama gara babu.

Za a kuma ce wannan sakaci ne irin na Turawa, mu tarbiyya muka sani, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen reshe ya san in aka matsa masa da gaggawa tsagewa yake yi. Ajin da nake bayani ba wurin da yaro ke yin abin da ya ga dama ba ne. Akwai doka: ka mayar da abin da ka ɗauka inda ka same shi, ba ka taka tabarmar aikin wani, in abu na hannun ɗan uwanka ka jira, in ka zubar ka goge. Yaron da ya saba da waɗannan ya fi wanda aka yi wa shiru da bulala ladabi, domin na biyun da Anti ta juya baya an gama.

Batun kuma na Turawa ne, mu duba namu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a umurci yara da sallah suna da shekara bakwai. Sallah ke nan, ginshiƙin addini. Wace hujja muke da ita ta tilasta wa ɗan shekara uku jarrabawar darussa goma? Ya taɓa tsawaita sujada yana liman saboda jikansa ya hau bayansa, ya ce bai so ya gaggauta shi ba sai ya gama abin da yake yi. Imamu Gazali ya yi gargaɗin cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu ba hutu yana kashe zuciyarsa ya dusashe basirarsa. Ibn Khaldun ya ce tsanani ga ɗalibi yana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa. Makarantar allo da muka gada, duk da aibin bulala da bara da suka shige ta, tsarinta na asali yana bin yaro ne: kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya, na gaba yana biya wa na baya, ba wanda ake ce wa ya zo na talatin. Gidajenmu kuma cike suke da abin da su Montessori da Froebel suka sha wahala kafin su gano: tuwon ƙasa, 'yar tsana, motar kara, langa, gaɗa, dara, 'yar gala-gala, tatsuniya da kacici-kacici. A cikinsu akwai ƙirga, akwai auna nisa, akwai jiran layi, akwai haƙurin faɗuwa, akwai sarrafa harshe. Mun kore su daga makaranta mun ce wasan banza ne, wayar hannu kuma tana ƙarasa korar su daga gida.

Abu na huɗu, malamai. Al'adar da ta kafu ita ce wadda ta fi kowa ƙarancin ilimi da albashi ita ake tura wa nazare, wai ai raino ne kawai. Yarinya ta gama sakandare, ba ta sami ci gaba ba, a ba ta aji mai yara arba'in da bulala, a biya ta abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba. Ba laifinta ba ne in ta koyar yadda aka koya mata. Alhali kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE a fannin kula da ilimin ƙananan yara, da yawansu suna zaune a gida ko an tura su aji biyar. A makarantun gwamnati kuwa, inda aka buɗe ajin share fage, sau da yawa ɗakin da ya fi lalacewa ake ba shi, yara sun ninka 25 ɗin nan sau uku ko huɗu, ba tabarma, ba ruwan sha, ba ban-ɗaki daidai su.

Sai harshe. Na san a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022. Ban yarda da wannan mataki ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su yi asarar Turanci ba, shirye-shiryen koyon karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato kuma a gabanmu aka yi su. Amma ko mene ne matsayin Abuja, ba ta ce a ci tarar ɗan shekara uku ko a sa shi durƙuso don ya ce "zan sha ruwa" ba. Ana yin haka a garin nan da sunan hana banakula. Yaron da aka hana magana da harshen da yake tunani da shi, shiru zai yi, ajin da ya sa yaro a gaba kuwa da tambayar yaro yake tafiya.

Masu makarantu suna da amsa ɗaya, kuma gaskiya ce: iyaye ke so. Uban da ya biya kuɗi ya buɗe jaka bai ga rubutu ba, zango mai zuwa zai mayar da ɗansa makarantar da ke gaba. An gani a ƙasar Gana. A 2015 zuwa 2016 an yi gwaji a makarantu 240 na gwamnati da na kuɗi a yankin Accra, aka ba malaman ƙananan yara horo na 'yan kwanaki kan koyarwa ta wasa ba duka, ana bin su aji ana gyara musu. Koyarwa ta inganta, yara suka amfana, malamai suka rage gajiya da aikin. Amma a makarantun da aka haɗa da tara iyaye ana yi musu bayani, ribar da yaran suka samu ta ɓace. Ashe lacca ba ta canza ran iyaye. A arewacin ƙasar kuma, shirin Lively Minds ya bi wata hanya: ya horar da iyaye mata na ƙauye, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, su riƙa zuwa makaranta suna jagorantar wasannin ƙirga da daidaita siffofi da kayan da ke kusa da su. Yara suka amfana, gwamnatin ƙasar ta karɓi shirin ta faɗaɗa shi. Uwar da ta ga ɗanta ya gane abu a hannunta ba ta bukatar a lallashe ta. Wannan ne ma ya sa na kawo kukan gare ka ba ga masu makarantu ba: ba makarantar da za ta iya daina wannan tsere ita kaɗai, sai an tsayar da kowa lokaci guda, wannan kuwa ikon gwamnati ne.

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ma'aikatarka ta fitar da takardar umurni ga duk makarantun gwamnati da na kuɗi cewa babu rubutacciyar jarrabawa, babu matsayi, babu aikin gida na rubutu ga yaron da bai shiga firamare ba. A maye gurbin katin sakamako da takardar lura, inda malama za ta rubuta abin da ta gani: yana iya cin abinci da kansa, yana ba da labari a jere, yana ƙirga abu yana taɓa shi, yana wasa da 'yan uwansa. A haɗa da hana bikin yaye 'yan nazare, da hana duka, da hana tarar harshe.

Hukumar da ke ba da izini ta sa filin wasa da inuwa da ruwa da ban-ɗakin yara cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, a ba waɗanda ba su da su wa'adi mai ma'ana. Duk makarantar da ta rubuta Montessori a allonta ta nuna malamar da ta sami horon, ko ta goge sunan. Karɓar kuɗi a kan abin da ba ka bayarwa sunansa ha'inci, a kasuwa ko a makaranta.

A canza abin da jami'an duba makarantu ke dubawa a nazare. Muddin sufeto zai zo ya ce a kawo littattafan yara ya ƙirga shafukan da aka cika, to shi ne ke ba da umurnin a kama musu hannu. Ya zauna a bayan aji rabin sa'a ya ga minti nawa yara suka yi suna motsi, nawa suka yi magana, su wa suka yi tambaya.

SUBEB ta tura masu takardar ilimin ƙananan yara zuwa azuzuwan da aka horar da su domin su, ta kuma shirya wa Antocin makarantun kuɗi horo a lokacin hutu, kyauta ko da rangwame, tare da masu bin su aji bayan horon. Dokar UBE ta 2004 ta ware kaso 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin bai-ɗaya, a tsarin rabon da aka daɗe ana bi kuma kaso 5 cikin 100 na tallafin na ajin ƙananan yara ne. Muna so a buga wa jama'a nawa Kano ta karɓa a wannan fanni da abin da aka yi da shi. In za a sayi kaya, kada a ba ɗan kwangila ya shigo da robobi daga waje. Kafintocinmu za su iya yin ƙananan kujeru da kantoci da gungumen jerawa, masu saƙa su kawo tabarmi da faifai, sauran kuma ƙwarya ce da ludayi da murfin kwalba da 'ya'yan tsamiya da yashi.

A zaɓi firamaren gwamnati ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ɗin nan a yi ajin misali, yara 25, malama mai horo, iyaye mata na unguwa suna shigowa bi da bi suna taya ta da wasa da tatsuniya. A bar ƙofarsa a buɗe ga duk mai makaranta da duk uban da ke shakka, a kuma bi yaran har aji uku a gwada karatunsu da na sauran, a faɗa mana abin da aka samu ko da bai yi mana daɗi ba. Cikin malaman da suka yi ritaya akwai da yawa da za su ba da lokacinsu ga wannan aiki ba tare da an biya su ba, ni ma ina ciki.

Kafin ka sa hannu a kan kowace takarda, ina roƙon ka ware safiya ɗaya ka shiga nazare biyu ko uku ba sanarwa, ba jiniya, ba 'yan jarida, ɗaya ta gwamnati sauran na kuɗi, ka zauna daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Muna kuma neman ka ba wakilan iyaye da na malaman nazare rana su zo ofis su yi maka bayani da bakinsu, tare da alkawarin cewa ba wadda za ta rasa aikinta saboda ta zo.

Wassalamu alaikum.

Taka cikin girmamawa,
Wata tsohuwar malamar firamare, a madadin iyaye mata da malaman nazare,
Kano.